Neman Shiga Makarantun Likita: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace shekara, da hunturu ya fara ja da baya, hukumar JAMB ta kan buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'o'i. A lokacin nan ne za ka ga samari da 'yan mata na Talata Mafara da Bakura da Maradun sun yi cincirindo a wuraren rajista, kowa riƙe da takardunsa. In ka tsai da waɗanda suka karanta kimiyya ka tambaye su abin da su ke nema, mafi yawansu za su ce maka aikin likita. In shekara ta kewayo ka sake neman labarinsu, sai ka tarar kaɗan ƙwarai ne suka sami biyan bukata. Waɗansu an tura su wani fanni da ba su zaɓa ba, waɗansu suna gida suna jiran baɗi, waɗansu kuwa sun fid da rai gaba ɗaya sun kama wata sana'a. Wannan al'amari shi na ke so mu duba yau, musamman tare da malaman makaranta da akawunan Ƙananan Hukumomi, watau magadan akawunan En'e na da, domin babban rabo na gyaran yana hannunsu.

ABIN DA YA TA DA MAGANAR

Cikin watan Maris na 2024 Ministan Lafiya na Tarayya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci wajen 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekara biyar, waɗanda suka rage da lasisin aiki kuwa kamar 55,000 ne. In aka raba wannan adadi ga mutane fiye da miliyan 200, kowane likita zai tashi da mutum wajen 4,000. To, wannan ma lissafin takarda ne kurum, gama likitocin sun fi taruwa a Ikko da Abuja da sauran manyan birane. Mutumin ƙauyen Bakura rabonsa bai kai ko kusa da haka ba.

Domin a cike wannan giɓi, Gwamnatin Tarayya ta ƙara yawan ɗaliban da a ke yarda makarantun kiwon lafiya su ɗauka kowace shekara, daga 28,000 zuwa 64,000. A cikin wannan, guraben masu karatun likita sun tashi daga wajen 5,000 zuwa kusan 10,000. A shekarar 2024 ɗin dai aka kafa asusun ba ɗalibai rance, wanda a ke kira NELFUND. A nan gida kuma Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci bisa sha'anin ilmi cikin Nuwamba 2023, ya kafa irinta bisa sha'anin lafiya cikin Janairu 2024, aka kuma biya bashin da hukumomin WAEC da NECO ke bin jihar, har aka saki sakamakon yara da aka daɗe ana riƙe da shi.

Duk waɗannan abubuwan alheri ne, wanda ya ƙi yaba musu bai yi adalci ba. Amma fa faɗin ƙofa ba ya amfanin wanda bai iso bakinta ba. Guraben da aka ƙara ba a rubuta sunan kowane gari a kansu ba. Wanda ya shirya shi zai shiga, in kuwa namu ba su shirya ba, 'ya'yan waɗansu za su cike wurin, ba kuwa za mu ga laifin kowa ba.

BUKATAR ƘASARMU

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san ruwa ɗaya ne ya haɗa garuruwan nan uku. Tun da aka gama madatsar Bakolori bisa gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya zama abin dogaron dubban gidaje daga Maradun zuwa Mafara har Bakura. Ruwan da ya kawo shinkafa kuwa shi ne ke raya sauro rani da damina, shi ne kuma mazaunin ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaro ya faɗa magudana ya yi wanka, bayan 'yan watanni a ga yana fitsarin jini. A 2010 gubar dalma ta wuraren haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum. A 2017 annobar sanƙarau ta hallaka mutum fiye da 1,000 a Nijeriya, Zamfara kuwa ita ta fi kowace jiha jin jiki. Har ta kai ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta zo ta kama aikin jinyar yara masu tamowa a babban asibitin Talata Mafara. Mun gode musu, amma baƙo raɓa ne.

In ciwo ya fi ƙarfin asibitin gari, sai a ɗauki majinyaci zuwa Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato, bisa hanyar da ba kowane lokaci a ke iya binta ba. Mace mai naƙuda da jijjiga ta kama, ko jini ya ɓalle mata, ba ta da sa'o'in da za ta jira gari ya waye. Ma'aikacin da aka turo daga nesa ya kan yi shekara ɗaya ya nemi canji, ba kuwa za a zarge shi ba. Wanda zai zauna shi ne wanda uwarsa da kabarin kakansa ke garin. Shi ne kuma wanda in tsohuwa ta ce jikanta na da shawara, ko ta ce rana ce ta kama shi, zai gane abin da ta ke nufi ba tare da tafinta ba.

Wannan ba yau aka fara ganinsa ba. Tun 1930 aka buɗe makarantar koyon haɗa magunguna a Zariya, a 1932 aka buɗe ta malaman tsabta a Kano, En'e-En'e kuwa su ke zaɓen yara su aika, su ɗauki nauyinsu, in sun gama su dawo su riƙe ɗakunan shan magani na gundumomi. Likita na farko ɗan Arewa, Dokta Barau Dikko, sai da ya je Ingila kafin ya sami wannan ilmi. An buɗe Makarantar Likita ta Kano a 1955, Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da aikin likita a 1967, jami'ar Sakkwato kuma aka kafa ta a 1975. Yau ga jami'ar jiha a cikin garin Mafara, wadda aka kafa a 2018, ga ta Tarayya a Gusau tun 2013. Makarantu sun matso kusa. Abin da ya ɓace shi ne tsarin nan na da, wanda hukumar gari ke sanin yaronta tun yana ƙarami, ta bi sawunsa har ya gama.

TSAWON HANYAR

Ya kamata kowane malami ya san hanyar daki-daki, domin ba a yi wa matafiyi kwatancen garin da ba a sani ba.

Matakin farko takardar gama sakandare, ta WAEC ko ta NECO, da kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Da yawa daga makarantun likita ba su karɓar haɗin takardu biyu, sai dai a ci duka biyar a zama ɗaya. Mataki na biyu jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai a ke yinta. Mai neman aikin likita zai amsa Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, tambaya 180 cikin sa'a biyu, jimlar maki 400. Watau kowace tambaya ba ta da fiye da daƙiƙa 40. A 2025 an ajiye maki 150 ya zama mafi ƙanƙantar abin da jami'a za ta karɓa, 140 kuma ga kwalejojin jinya. Kada wannan ya ruɗi kowa, domin 150 ba ya kai mutum ko zauren sashen likita. A manyan jami'o'i, wanda bai kusanci 250 ba da wuya a waiwaye shi. A sakamakon farko da aka fitar a 2025 kuwa, cikin yara kusan miliyan biyu, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba.

Mataki na uku tantancewar da kowace jami'a ke yi da kanta. Bayan wannan sai a ba da gurbi ta hanyar tsarin JAMB da a ke kira CAPS, wanda aka fara a 2017, ɗalibi kuma ya shiga da kansa ya karɓa. Duk gurbin da bai biyo ta nan ba hukuma ba ta san da shi ba, mai shi kuwa zai sha wuya ranar tafiya hidimar ƙasa.

In an shiga, karatu shekara shida ne. Shekarar farko maimaicin kimiyya ce mai zurfi, wanda bai ci ba a sauya masa fanni. Daga nan sai ilmin ƙirar jikin mutum, da na yadda gaɓoɓi ke aiki, da na sinadaran jiki, a ƙarshensu akwai babbar jarrabawa wadda ta fi kowace ka da ɗalibai. Sauran shekarun a asibitin koyarwa a ke yinsu, gefen gadon majinyata. Bayan an gama akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki ƙarƙashin manyan likitoci kafin Majalisar Likitoci ta Nijeriya, watau MDCN, ta ba da cikakkiyar rajista, sa'an nan shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. Mai son ƙwarewa a fanni guda, kamar fiɗa ko ciwon yara ko haihuwa, zai ƙara shekara biyar ko shida. Sabo da haka yaron da ya shiga jami'a a 2026 ba zai fito ba sai 2032, ba zai gama hidimar ƙasa ba sai 2034, ƙwarewa kuwa sai wajen 2040. Wannan ma in ba a yi yajin aiki ba, irin na 2022 wanda ya rufe jami'o'i wata takwas.

INDA YARANMU KE TUNTUƁE

Ba za a yi maganar yaran wannan yanki ba tare da an tuna 2021 ba. Ran 26 ga Fabrairu aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara. Cikin Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ran 1 ga Satumba aka kwashe yara fiye da 70 daga makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Kowace daga ƙananan hukumomin nan uku ta sami nata rabo cikin shekara guda. Aka rufe makarantun jihar, da yawa ba su koma ba sai 2022. A wannan shekara ta 2022 kuma makarantun Gwamnati na Zamfara ba su shigar da yara jarrabawar WAEC ba. Yaran da ke ajin farko na sakandare lokacin da aka shiga Jangebe, su ne lissafi ya nuna za su gama a 2026. Watau masu neman jami'a na waɗannan shekaru an gina karatunsu bisa harsashin da ya sami tsaga, wajibi ne kuwa malami ya san haka, ya koma baya ya cike, ko da manhaja ta ce a wuce gaba.

Na biyu, ƙarancin malaman kimiyya. A yawon duba makarantu na sha tarad da makaranta mai ajin kimiyya cike da yara, amma malamin Lissafi shi ke riƙe da Fiziks, Kemistiri kuwa sai in an sami ɗan hidimar ƙasa. Na taɓa isa wata makaranta na ce a buɗe mini ɗakin gwaje-gwaje, aka daɗe ana neman mabuɗi. Da aka buɗe sai ga kayan aiki sababbi cikin kwalayensu, ƙura ta rufe su. Shugaban ya ce yana tsoron kada yara su fasa a tambaye shi. Yaran nan kuwa a ƙarshen shekara za a ba su kwalba da sinadari a ɗakin jarrabawa a ce su auna. Kwalbar da ta fashe a hannun ɗalibi ta biya kuɗinta, wadda ta tsufa cikin kwali ita ce hasara.

Na uku, Turanci. Yaro ya kan san amsa amma bai gane tambaya ba. Na huɗu, kwamfuta. Akwai yaran da ranar jarrabawar JAMB ce ranar farko da hannunsu ya taɓa ta, minti goma na farko su kan tafi wajen neman inda za a danna. JAMB tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske. A 2025 kuɗin rajista naira 7,200 ne, da gwajin kuwa 8,700. Uban da ya ƙi biyan bambancin nan na 1,500 ga yaron ƙauye ya yi tsimin da zai ja masa hasarar shekara guda.

AIKIN AKAWU

Yanzu na juyo gare ku, akawuna. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, kuma sunan da ke jikinta da ranar haihuwa su na'ura za ta ɗauko. In takardar firamare ta ce Muhammadu, ta WAEC ta ce Mohammed, NIN ta ce Mamman, to, a wurin na'ura mutum uku ne. Na san yarinyar da ta ci makin da ya isa, amma aka tsai da ita wajen tantancewa don shekarar haihuwarta ta saɓa tsakanin takardu biyu, kafin a gyara an rufe. Al'adarmu ta kiran yaro da sunan gari ko laƙabi tana ƙara rikita abin. Gyaran suna bayan an yi rajista yana cin kuɗi da tafiye-tafiye da watanni, alhali duba shi tun yaro na aji huɗu ba ya cin ko kwabo.

Haka kuma shekaru. An yi ta gardama a 2024 ko sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, daga baya aka tsaya bisa 16. Rage wa yaro shekaru ko ƙara masa don wata bukata ta yau, shi ke zama masa tarko gobe. Takardar shaidar asali kuma, wadda ke fita daga ofishinku, ita ce hujjar yaro wajen neman kason jiharsa da sukolashif. Akawun da ya sa yaro ya yi sawu uku daga ƙauye bisa hanya mai hatsari don sa hannu ɗaya, ya tuna wata rana shi ko iyalinsa za su kwanta gaban wanda ya wahalar, ko kuwa su kwanta ba kowa a kansu.

MAGANAR KASO

A jami'o'in Tarayya ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ita ce kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari baya wajen ilmin zamani. Zamfara tana cikin waɗannan na ƙarshe, tana kuma cikin yankin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Watau ɗan Maradun da ya sa Sakkwato zaɓinsa na farko yana da ƙofa uku, in ya sa wata jami'a mai nisa yana iya rasa ɗaya daga ciki. Makarantun likita kuwa ba su cika duban wanda ya sa su zaɓi na biyu ba. Yara da yawa ba su san wannan ba, su kan bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa musu.

Akwai masu cewa wannan kaso rashin adalci ne ga yaron wata jiha da ya fi maki aka bar shi. Maganarsu tana da nauyi, bai kamata mu yi kamar ba mu ji ba. Amsarmu ita ce yaron da aka rufe makarantarsa wata da watanni, bai taɓa ganin malamin Fiziks ba, in ya ci 230 ya nuna ƙwazon da ba a gani a lamba. Kuma ƙasa tana bukatar likita a Bakura kamar yadda ta ke bukatarsa a Ikko. Amma akwai iyakar abin da kaso ke yi. Yana shigar da yaro aji, ba ya ci masa jarrabawa. A ɗakin fiɗar gawa da gefen gadon majinyaci ba a tambayar jihar kowa, makin ci ɗaya ne ga kowa. Yaron da aka tura da raunin Kemistiri, aka koro shi bayan shekara uku, an cuce shi fiye da wanda aka ce ya tsaya ya ƙara shiri. Don haka ne makarantun share fage ke da amfani, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, da karatun IJMB wanda mai kyakkyawan sakamako ke iya shiga aji biyu da shi, ko da ya ke guraben wannan hanya kaɗan ne.

ASIBITI BA LIKITA KAƊAI BA NE

Wani kuskure da mu malamai mu ke yi shi ne nuna wa yara cewa in ba likita ba, to, an fāɗi. Likita ba ya aiki sai da mai gwajin jini, da mai ɗaukar hoto, da mai haɗa magunguna, da ma'aikatan jinya. Digirin jinya shekara biyar ne, haka na gwaje-gwajen asibiti, na haɗa magunguna kuwa ya koma shida. Ga Kwalejin Jinya da Ungozoma a Gusau, ga Kwalejin Kimiyyar Lafiya a Tsafe inda a ke horad da ma'aikatan lafiya na karkara, shekara biyu ga ƙaramin mataki, uku ga babba. Su ne ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyuka, su mutanenmu ke kira likita. Yaron da ya yi shekara huɗu yana maimaita JAMB, da ya shiga ɗaya daga waɗannan da tuni yana aiki, hanyar ƙarin karatu kuma ba ta rufe masa ba.

Sai dai a yi hattara da makarantun kuɗi da ke tsirowa ko'ina da sunan koyar da aikin lafiya. Kowane fanni yana da majalisar da ke ba da lasisi, makarantar da majalisa ba ta amince da ita ba kuwa takardarta ba ta da amfani. Kafin uba ya sayar da buhun shinkafa ya biya, a bincika sunan makarantar cikin jerin majalisar, a kuma tabbata za a yi wa ɗalibi rajista da ita tun shekarar farko.

Game da 'yan mata, kowa ya san yawancin magidantanmu ba su son namiji ya karɓi haihuwar matansu. To, wanda ke son mace ta duba matarsa, lalle ne ya yarda 'yarsa ta yi karatun. An gwada wata dabara daga 2012 zuwa 2020, ƙarƙashin wani shiri da Gwamnatin Ingila ta tallafa a Zamfara da Katsina da Kano da Jigawa da Yobe. Jama'ar ƙauye su ke zaɓen yarinya, har da matan aure, a ba ta shekarar share fage ta gyara kiredit ɗinta, ta shiga makarantar ungozoma bisa alkawarin za ta dawo ta yi wa garinsu aiki. Shirin ya ƙare, amma dabarar ba ta fi ƙarfin Ƙaramar Hukuma ba, ita ce ma dai irin ta En'e ta da. Bayan abin da ya faru a Jangebe ba za a ga laifin uban da ya ji tsoron makarantar kwana ba. Haƙƙin Gwamnati ne ta tsare makaranta, haƙƙinmu ne mu kuma kada mu bar tsoro ya zama al'ada.

KUƊI DA ƘASASHEN WAJE

Rancen NELFUND ba shi da ruwa, na ɗaliban makarantun Gwamnati ne, yana biyan kuɗin makaranta, an kuma fara shi da naira 20,000 kowane wata na abinci. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Wannan ya rage nauyi, amma bai ɗauke kuɗin littattafai da kayan aiki da na mota ba, iyaye su san shekara shida za su yi suna ɗawainiya.

Masu hali su kan ce a kai yaro waje a huta da JAMB. A tuna yaƙin Yukiren na 2022 da na Sudan na Afril 2023 sun koro ɗalibanmu da yawa karatu bai ƙare ba. Wanda ya gama lafiya kuma sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a Nijeriya, ba kuwa kowa ke ci ba. Hukumar da za ta tura yara waje ta tanadi kuɗin shekara shida tun kafin jirgi ya tashi, domin ɗalibin da aka bari da bashi a baƙuwar ƙasa ya fi wanda bai tafi ba shiga uku.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Wani zai ce, in mun sha wahala mun horad da yaro, me zai hana shi bin sawun 16,000 ɗin nan? Tambaya ce ta gaskiya. Alkawarin aiki na 'yan shekaru ga wanda aka ɗauki nauyinsa daidai ne, amma takarda ba ta riƙe mutum in ba albashi kan kari, da gidan kwana, da kayan aiki, da aminci. Wannan aikin Gwamnati ne, dokar ta-ɓacin da aka kafa kuwa da shi za a auna ta. Duk da haka, in gari ya horad da goma, uku suka tafi, yana da bakwai. In bai horad da kowa ba, ba shi da na tafiya balle na zama.

Shawarata ga shugabannin makarantu ita ce, tun zangon farko na aji huɗu a san yaran da ke da hannu a kimiyya, maza da mata, a gaya musu darussa biyar ɗin nan da makin da a ke bukata, a kira iyayensu a gaya musu tsawon hanyar. A buɗe ɗakin gwaje-gwaje kowane mako. Inda malamin Fiziks ɗaya ne a gari, makarantu su haɗa yaransu ran Asabar. A nemi alfarmar manyan makarantun da ke Mafara da Bakura su bar yara su taɓa kwamfuta kafin ranar jarrabawa. A sakatariyar kowace Ƙaramar Hukuma kuma a ajiye littafi guda mai sunan kowane ɗan ƙasar da ke karatun lafiya, da makarantarsa, da ajinsa, a riƙa karanta shi gaban majalisa kowace shekara. In Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun suka sa baki, attajirai da manoman Bakolori ba za su ƙi ɗaukar nauyin yaro ɗaya ɗaya ba.

Daga 1999 zuwa 2023 garuruwan nan uku sun ba Zamfara gwamnoni uku, Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Mafara, Bello Matawalle daga Maradun, shekara 20 cikin 24. Ƙasar da ta iya wannan ba za a ce ta rasa 'ya'ya masu kai ba. Likitan da zai duba mu in mun tsufa yanzu haka yana zaune a aji huɗu, watakila a ƙasa don babu benci, sunansa kuma rubuce iri biyu a rajista. Malam, gobe in ka shiga aji ka neme shi. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, ya kawo mana zaman lafiya, amin.